Kuɗi sun shigo, kofi ya ƙi zuwa: halin da kurket ɗin Ingila yake ciki

Tambaya: Malam, ban daɗe da fara bin wasan kurket ba. Na ji cewa a 2025 hukumar kurket ta Ingila ta sayar da hannun jarin wasu ƙungiyoyi ta samu sama da fam miliyan 500, sai kuma ga shi a ƙarshen shekarar sun je Ostireliya an lallasa su 4-1. Ƙasar da ta ƙirƙiro wasan, ga kuɗi ga filaye, ina gizo yake saƙar?

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun da ka ji gaskiya ne, kuma tushensu ɗaya. Gizo yana saƙa ne a jadawalin kaka. Kakar kurket a Ingila wata shida ce kacal, daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, saboda a sauran watannin sanyi da ruwa da gajartar yini ba sa barin a yi wasa a waje. A cikin wata shidan nan ake cusa gasa huɗu na maza na cikin gida, ga wasannin ƙasa, ga na mata. Gasar da ke kawo kuɗi ita ta samu wata mafi kyau, gasar da ke renon 'yan wasan ƙasa kuwa aka tura ta bakin kaka, farko da ƙarshe. Kusan duk abin da za ka ji ana kuka da shi daga nan ya samo asali.

Sai ka fara sanin masu iko. Hukumar kurket ta Ingila da Wales, ECB, wadda aka kafa a 1997, ita ke riƙe da ƙungiyoyin ƙasa da kuɗin talabijin. Ƙarƙashinta akwai ƙungiyoyin gundumomi 18 na ƙwararru, 17 a Ingila, ɗaya kuma, Glamorgan, a Wales. Goma sha biyar daga cikinsu mallakar mambobi ne, wato magoya bayan da ke biyan kuɗin shekara su zaɓi shugabanni. Hampshire da Durham da Northamptonshire ne kawai suka fita daga wannan tsarin. Kuma ba a sauya fasalin gasar gundumomi sai kashi biyu cikin uku sun yarda, wato 12 cikin 18. Ka riƙe wannan adadi, domin shi ne ya kashe kusan duk gyaran da aka kawo. A 2022 kwamitin Andrew Strauss, tsohon kyaftin ɗin Ingila, ya ba da shawarar a mayar da rukunin farko ƙungiya shida, a rage wasanni zuwa 10, gundumomi suka yi fatali da ita. A Satumban 2025 aka sake kawo wani tsari mai wasanni 13, ƙungiyar 'yan wasa ta PCA ma 12 take so, shi ma bai samu ƙuri'ar da ake buƙata ba, aka tsaya a kan 14. Shugaban gunduma ya san idan ya yarda a rage wa mambobinsa kwanakin kallo, kujerarsa ce za ta tafi.

Gasannin huɗu su ne County Championship, wasan kwana huɗu da jar ƙwallo, wadda take gudana a hukumance tun 1890, da ƙungiya 10 a rukunin farko, 8 a na biyu. Sai Blast mai oba 20 (oba ɗaya jifa shida ce), wadda aka fara a 2003, a nan ma aka haifi wannan salon kafin Indiya ta ɗauke shi ta mayar da shi gasarta ta IPL. Sai One-Day Cup mai oba 50. Sai The Hundred da aka ƙaddamar a 2021, jifa 100 ga kowane ɓangare, ƙungiya takwas na birane. Ita ta cinye Agusta, watan hutun makaranta, lokacin da fili ya fi bushewa kuma rana ta fi daɗewa. Taura biyu ma ba sa taunuwa a baki ɗaya, balle huɗu.

Yanzu mu duba abin da hakan ke yi wa ɗan wasa, domin a nan ne ɓarnar take. Kusan rabin wasannin Championship ana buga su ne a Afrilu da Mayu, wasu uku kuma a Satumba. A Afrilu fage, wato tsirin nan mai tsawon mita 20 da ɗoriya da ake jifa a kai, yana da danshi da ɗanyar ciyawa, sama kuma a lulluɓe da gajimare. Ƙwallon da ake amfani da ita ta kamfanin Dukes ce. Nauyinta ɗaya da sauran, giram 156 zuwa 163, amma ɗinkinta na hannu ne, ya taso sosai, kuma yana daɗewa bai kwanta ba. Mai jifa ya saki ƙwallo ɗinkin yana tsaye, ta ɗan lanƙwasa a iska, ta sauka a kan ɗinkin ta goce hagu ko dama da faɗin yatsu biyu ko uku. Wannan ɗan gociyar ta isa ta taɓi gefen sanda ta faɗa hannun masu cafewa da ke jere a baya. A irin wannan yanayi mutum mai jifan kilomita 125 a sa'a, in dai ya iya saiti, zai yi ta kwasar wiket, wato fitar da masu bugu, duk mako. Ba ya buƙatar gudu, ba ya buƙatar tsawo. Shi kuwa mai bugu yana koyon cewa ko ya yi haƙuri wata ƙwallo tana nan tafe da ba makawa sai ta fitar da shi, sai ya ce gara ya kwashi abin da ya samu tun da wuri.

Tsarin maki ma yana tura gundumomi wannan hanya. Nasara maki 16 ce, canjaras 8, sai makin ƙari har 5 na bugu da 3 na jifa a cikin oba 110 na farko. Rukunin farko ƙungiya biyu ke faɗuwa cikin goma. Kocin da ke tsoron faɗuwa, kuma yana da masu jifan ɗinki guda huɗu, zai raɗa wa mai kula da fili ya bar ciyawa, a gama wasa a kwana uku.

To ka ɗauki wannan ɗan wasa ka kai shi Perth ko Brisbane a Ostireliya. Fage busasshe ne mai tauri, ƙwallo tana tasowa har ƙirji. Ƙwallon ta Kookaburra ce, yawancin ɗinkinta na inji, yana kwanciya da wuri, daga nan sai ta daina lanƙwasa. Abin da ke fitar da mutum a can shi ne gudu na kilomita 140 zuwa sama, da tsawo, da juriyar maimaita jifa wuri ɗaya a cikin zafin rana. Bugun da mai bugu ya saba yi a gida, ya miƙa ƙafa gaba ya kora ƙwallo ta gefen dama, a can tarko ne, domin ƙwallon ta fi tsammaninsa tasowa, sai ta ci saman gefen sanda. ECB ta san da wannan, shi ya sa ta gwada shigo da Kookaburra cikin Championship: zagaye biyu a 2023, huɗu a 2024, huɗu a 2025. Gwajin bai haifar da ɗa mai ido ba, kuma dalilin a fili yake. An kawo ƙwallon Ostireliya amma ba a kawo ƙasar Ostireliya ba. A kan fagen Ingila mai laushi, ƙwallon da ba ta lanƙwasa kuma ba ta tasowa ba ta da wani makami, sai wasanni suka riƙa ƙarewa canjaras. A 2025 Surrey ta tara gudu 820, wato makin da masu bugu ke ci, a kan Durham a filin Oval, Dom Sibley shi kaɗai ya ci 305. Ba mai jifan da ya koyi wani abu daga wannan sai ciwon baya. An soke gwajin daga 2026.

Masu murza ƙwallo, wato masu jifa a hankali da ke sa ta juya idan ta sauka a fage, su suka fi shan wahala. Murza tana cin abinci ne a busasshen fage da ya fara tsagewa, a rana ta uku da ta huɗu, wato Yuli da Agusta, daidai lokacin da jar ƙwallo ke hutu. Gundumar da ta yi ƙoƙarin shirya fage mai juyawa kuma tana iya gamuwa da hukunci: an zaftare wa Somerset maki 12 saboda fagen da ta shirya wa Essex a ƙarshen kakar 2019. A ganina wannan rashin adalci ne ƙarara, domin fagen da ciyawa ta sa aka kwashe mutum 15 a rana ɗaya ba kasafai ake hukunta shi haka ba. Sakamakon shi ne abin da ya faru da Shoaib Bashir. An ɗauke shi zuwa Indiya a farkon 2024 yana da wasa shida kacal na ƙwararru, saboda tsawonsa da yadda yake sakin ƙwallo daga sama. Ya zama na ɗaya a ƙungiyar ƙasa alhali a Somerset bayan Jack Leach yake, har sai da aka riƙa ba da aronsa ga Worcestershire da Glamorgan don ya samu wasa. An shafe shekara biyu ana renonsa domin Ostireliya, da aka isa can kuma bai buga ko wasa ɗaya cikin biyar ba, aka sa Will Jacks, wanda asalinsa mai bugu ne da ke taɓa murza.

Wannan ya kawo mu ga shugabannin ƙungiyar ƙasa. A 2022 Rob Key ya zama daraktan kurket na maza, ya naɗa Ben Stokes kyaftin, Brendon McCullum na New Zealand kuma koci. Sun gaji ƙungiyar da ta ci wasa ɗaya tak cikin Tes 17, wato wasannin ƙasa da ƙasa na kwana biyar. Dole a yaba musu. Sun cire wa yaran tsoro, suka ce a kai hari, aka riƙa cin sama da gudu huɗu a kowace oba alhali an saba da uku da 'yan kai. A wannan bazarar suka ci New Zealand 3-0, suka kamo gudu 378 a kan Indiya a Edgbaston. A Disamba suka ci Pakistan 3-0 a gidanta, har da tara 506 a ranar farko a Rawalpindi. Filaye suka cika, mutanen da suka daina kallon wasan kwana biyar suka dawo. Wannan salon ne 'yan jarida suka laƙaba wa suna Bazball.

Amma sun yanke wata shawara da ta zame musu ƙarfen ƙafa. Tunda sun ga Championship ba ta kama da Tes, sai suka daina kallon alƙalumanta, suka koma zaɓen mutum da siffa: gudu, tsawo, ƙarfin hali. Wani lokacin ta yi kyau. An ba Jamie Smith tsaron wiket, wato tsayawa bayan mai bugu a cafe ƙwallo, alhali Ben Foakes ne ke tsare wa Surrey, ya kuma fara da ƙafar dama. An sa Jacob Bethell a lamba uku a New Zealand bai taɓa cin ɗari a wasan ƙwararru ba, ɗarinsa ta farko da jar ƙwallo sai a Sydney, 154. Ta ɗaya gefen kuwa, Sam Cook na Essex, mai wiket sama da 300 a matsakaicin ƙasa da gudu 20 kan kowace wiket, Tes ɗaya ya samu, da Zimbabwe a Mayun 2025. Haseeb Hameed ya jagoranci Nottinghamshire ta ɗauki Championship a 2025, karon farko tun 2010, ya katse wa Surrey jerin kofi uku, ya kuma tara gudu sama da dubu, ba wanda ya waiwaye shi. A lokaci guda Zak Crawley ya haura Tes 60 matsakaicinsa yana kusa da 31. Illar wannan biyu ce. Ɗan gunduma ya ga ƙoƙarinsa ba ya buɗe ƙofa, na cikin ƙungiyar ƙasa kuma ya ga ba mai hura masa wuta a baya.

Ma'aunin gaskiya shi ne jerin wasa biyar da manyan biyu, Ostireliya da Indiya. Da Ostireliya a gida a 2023, 2-2. A Indiya a 2024, an ci su 4-1. Da Indiya a gida a 2025, 2-2, inda suka faɗi wasan ƙarshe a Oval da gudu shida, Chris Woakes ya fito bugu da gocacciyar kafaɗa, hannu a rataye. A Ostireliya a 2025-26, 4-1. Wasa 20 ke nan: sun ci 6, an ci su 12, canjaras 2, ba jeri ko ɗaya da suka ɗauka. Rabon Ingila da kofin Ashes, wanda take karawa a kansa da Ostireliya, tun 2015, rabonta da ɗaukarsa a Ostireliya kuwa tun 2010-11.

Tafiyar ta ƙarshe ta fi ciwo saboda Ostireliya ba ta cika ba. Josh Hazlewood bai buga ko ɗaya ba, Pat Cummins wasa ɗaya ya yi, Nathan Lyon ya ji rauni a Adelaide. Shirin Ingila kafin wasan farko kuwa wasan kwana uku ne da ƙungiyarta ta biyu, Lions, a Lilac Hill, fili mai sanyin tasowa da bai yi kama da na Perth ba. Ka kwatanta da 2010, lokacin da ƙungiyar Strauss ta buga cikakkun wasanni uku da ƙungiyoyin Ostireliya kafin a fara, ta kuma ci 3-1. A Perth, rana ta biyu bayan abincin rana, Ingila tana da gudu 65, an fitar mata da mutum ɗaya kacal, tana gaba da gudu sama da ɗari, wasa a hannunta. Kafin a ankara ta koma 88, an fitar da mutum shida. Ollie Pope da Harry Brook da Joe Root duk bugu iri ɗaya ya fitar da su, korar ƙwallon da ke tasowa nesa da jiki, wanda na bayyana maka a sama. Travis Head na Ostireliya ya zo ya ci 123 a jifa 83, wasa ya ƙare a kwana biyu. A Brisbane suka zubar da ƙwallo biyar da ya kamata a cafe. A Adelaide kofi ya tafi, bayan kwana 11 kacal na wasa. Nasarar Melbourne, ta farko a ƙasar tun Janairun 2011, ta zo ne bayan an riga an gama magana. Masu gudun da aka tara ma jiki bai ɗauka ba: Mark Wood wasa ɗaya ya yi gwiwa ta hana, Jofra Archer ya tsaya bayan na uku. Tun da James Anderson mai wiket 704 da Stuart Broad mai 604 da Woakes suka ajiye, ba a samu wanda kyaftin zai miƙa wa ƙwallo ya ce riƙe min wannan gefen na sa'a guda ba. Root ya fita kunya da ɗari biyu, na farkonsa a Ostireliya. Shi ne na biyu a yawan gudu a tarihin Tes, bayan Sachin Tendulkar mai 15,921.

A wasan oba 50 alaƙar da jadawali ta fi fitowa fili. Ingila ta ɗauki kofin duniya a Lord's a 2019 ƙarƙashin Eoin Morgan. Daga 2021 aka ɗora One-Day Cup a kan The Hundred, lokaci ɗaya ake buga su, don haka duk fitaccen ɗan wasa yana Hundred, gasar oba 50 ta koma ta matasa da waɗanda ba a ɗauka ba. Brook, wanda aka ba kyaftin na farar ƙwallo, wato wasannin oba 50 da 20, a Afrilun 2025, lokacin da ya fara buga wa ƙasa oba 50 a 2023 rabonsa da irin wasan a Yorkshire tun 2019. Wasan nan yana da nasa ilimi: yadda za ka tsira daga sabuwar ƙwallo a oba goma na farko, ka riƙa tsintar ɗaya da biyu daga ta 11 zuwa ta 40 ba tare da zubar da mutane ba, sannan ka buɗe wuta. Wanda bai saba ba yana buga shi kamar oba 20 mai tsawo, sai a kwashe ƙungiya tun ana saura oba goma ko sha biyar. A kofin duniya na 2023 sun ci 3 cikin 9, suka ƙare na bakwai. A Champions Trophy na 2025 an ci su duka ukun, har da Afganistan, kyaftin Jos Buttler ya sauka. A ƙarshen shekarar New Zealand ta ci su 3-0, kuma a duka ukun an fitar da su gaba ɗaya kafin oba 50 ta cika. A oba 20 kuwa, wadda suke bugawa dare da rana, ƙarfinsu yana nan: kofin duniya a 2010 da 2022, ga 304 da suka zuba wa Afirka ta Kudu a Old Trafford a Satumban 2025, Phil Salt ya ci 141 ba a fitar da shi ba. Abin da ake yi kullum shi ake iyawa.

Batun kuɗin kuma. ECB ta bai wa kowane mai masaukin ƙungiyar Hundred kashi 51 kyauta, ta sayar da nata kashi 49, gasar kanta kuma ta ci gaba da zama a hannunta. An ƙiyasta darajar ƙungiyoyin takwas a kusan fam miliyan 975. London Spirit ta Lord's ta fi tsada, wasu attajiran fasaha na Amurka suka biya fam miliyan 145 a kan kashi 49. Huɗu sun faɗa hannun masu ƙungiyoyin IPL: Reliance na Mumbai Indians ya shiga Oval Invincibles, Sun Group ya saye Northern Superchargers ɗungurungum, RPSG ya ɗauki kashi 70 na Manchester Originals, GMR, wanda ya riga ya sayi Hampshire, ya shiga Southern Brave. An ware kashi 10 ga kurket na unguwanni da ƙauyuka, sauran aka raba wa gundumomi 18 da MCC, ƙungiyar da ke da filin Lord's, da ƙarin kaso ga guda 11 da ba su da ƙungiya a gasar. An kuma gindaya sharaɗi: a biya bashi, a yi ajiya, a zuba a abin da zai kawo kuɗin shiga.

Ba na cikin masu cewa sayarwar kuskure ce. Gundumomi da dama suna gab da durƙushewa. Bashi ya yi wa Yorkshire katutu. Durham sai da hukuma ta ceto ta a 2016, ta kuma biya da faɗuwa rukuni na biyu da asarar damar karɓar Tes. Filin Worcestershire kogin Severn yana malale shi kusan duk hunturu. Middlesex haya take yi a Lord's. Hundred kuma ta kawo iyalai da yara fili, ta mayar da kurket gidan BBC kyauta bayan da wasannin Tes na gida suka koma tashar Sky mai biyan kuɗi tun 2006, kuma haɗa wasan mata da na maza a rana ɗaya da tikiti ɗaya ya ɗaga wasan mata fiye da duk wani shiri da aka taɓa yi. Damuwata ita ce kuɗin sau ɗaya ake karɓarsu, Agusta kuwa an bayar da shi ke nan. Wanda ya zuba fam miliyan 100 ba zai yarda a matsar da gasarsa don Championship ba, kuma zai so Stokes da Brook da Archer su kasance a fili, ba suna hutawa ba. Ga kuma jan hankalin gasannin waje. Tun 2000 hukuma ke riƙe manyan 'yan wasa da kwantiraginta, a 2023 ta fara ba da na shekara biyu da uku don kada a ƙwace mata su. A ƙarshen 2024 ta hana masu buga jar ƙwallo zuwa gasannin waje a lokacin kakar gida, ban da IPL, sai James Vince, kyaftin ɗin Hampshire, ya ajiye jar ƙwallo ya tafi gasar Pakistan. Dokar da aka yi don kare Championship ita ta raba ta da ɗaya daga cikin gwanayenta.

Akwai wata matsala da kuɗin ya kamata su taɓa, ita ce wa ke samun shiga. Bayan Azeem Rafiq ya ba da shaida gaban kwamitin majalisa a Nuwamban 2021 kan wariyar da ya gani a Yorkshire, wani kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Cindy Butts ya fitar da rahoto a Yunin 2023, da shawarwari 44, ya ce wariyar launin fata da ta jinsi da ta aji sun yi katutu a wasan. Ya nuna cewa a 2021 kashi 58 na 'yan wasan ƙasa maza makarantun kuɗi suka yi, alhali kashi 7 ne na yaran ƙasar ke zuwa irinsu. 'Yan asalin Kudancin Asiya sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na masu buga wasan a unguwanni, amma a cikin ƙwararru ba su taka kara sun karya ba. An ci tarar Yorkshire fam 400,000, aka zaftare mata maki 48. Musulmi irin su Moeen Ali da Adil Rashid, wanda hukuma ta ba hutu ya sauke farali a 2022, da Rehan Ahmed da ya fara Tes yana ɗan shekara 18 a Karachi, sun nuna irin baiwar da ke wurin. Shirye-shirye irin su ACE na Ebony Rainford-Brent domin yara baƙar fata, da South Asian Cricket Academy, sun fara fitar da ƙwararru da kuɗi ƙalilan. Wannan ba batun adalci kaɗai ba ne. Ƙasar da ke neman mai jifan kilomita 145 a cikin ɗan ƙaramin kaso na yaranta ba za ta samu da yawa ba.

Matan ma suna tsakiyar sauyi. A farkon 2025 Ostireliya ta ci su duka wasa bakwai, maki 16-0, aka sallami koci Jon Lewis, aka sauke Heather Knight, Charlotte Edwards ta karɓi horarwa, Nat Sciver-Brunt ta zama kyaftin. A kofin duniya na wannan shekarar Afirka ta Kudu ta fitar da su a kusa da ƙarshe. Amma ginin ƙasa yana tafiya daidai: tun 2023 kuɗin wasa ɗaya ne da na maza, daga 2025 kuma gundumomi takwas suka samu cikakkun ƙungiyoyin mata na ƙwararru, aka tsara Yorkshire ta shigo a 2026, Glamorgan a 2027.

In ka tambaye ni gyara, ba sai an rushe gundumomi ba. A samar wa Championship zagaye huɗu ko biyar a Yuni da Yuli a jere, ba a tsinka su da Blast ba, domin mai jifan gudu da ya yi oba huɗu ranar Juma'a da dare ya tashi ya yi 25 ranar Lahadi shi ne ke karya ƙashin baya. A daina hukunta fage don ya juya, a riƙa hukunta wanda ƙwallo ke tasowa ba daidai ba. A ba gasar oba 50 makonni uku nata na kanta, ko da a Afrilu ne, inda farar ƙwallo ta fi jar jure danshi. A tura Lions Indiya da Ostireliya duk hunturu su buga wasan kwana huɗu na gaske, masu zaɓe kuma su koma zama a filayen gundumomi. Duk waɗannan sai sun ratsa ta ƙuri'a 12 ɗin nan, da kuma yarjejeniyar Sky da za ta ƙare a 2028, wadda a sabunta ta ne sababbin masu hannun jari za su fara nuna nauyinsu. Kada kuma Ashes na 2027 ya ruɗe ka. A gida za a yi shi, da ƙwallon Dukes, a Lord's da Oval da Edgbaston da Trent Bridge da Southampton, kuma Ostireliya rabonta da ɗaukar jeri a Ingila tun 2001. Ingila tana iya cinsa ba tare da ta gyara ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba, sannan ta koma Perth a 2029 da masu bugun da ba su taɓa ganin ƙwallo ta taso musu har ƙirji a wasan gunduma ba.